Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Saƙon Kawu a Riyom

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya fara sakar mini ragamar kasuwa. A shekarata ta huɗu a kasuwar Mile 12 da ke Ketu a Legas ya ce daga yanzu ni zan riƙa bin mota zuwa Filato ina saro dankalin Turawa, tunda shi ciwon gwiwa ya hana shi doguwar tafiya.

Daren da zan tashi muna zaune a bakin rumfa, an gama sauke kwandunan tumatir, ƙafafunmu duk caɓi. Ya ƙirga kuɗin mota ya miƙo mini, sai ya riƙe hannuna.

"Wayar nan da kake damun mutane da ita, tana ɗaukar dutse?"

Na ce, "Kawu, ai dutse ya fi mutum sauƙi, ba ya motsi."

"To ka ɗauko mini duwatsun Riyom. Ban da na rana tsaka. Na yamma nake so."

Wanda bai zauna a Legas ba ba zai gane wannan roƙo ba. Gari ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ruwa ta ko'ina, in kana son hangen nesa sai dai ka hau gada. Shi kuwa Kawu a Bukuru aka haife shi, mahaifinsa leburan haƙar kuza ne tun zamanin Turawa, da duwatsu ya buɗe ido. Jos kanta ta ɗara teku da kimanin mita 1,200, ƙololuwar duwatsun Shere kuma ta kai mita 1,829. Ka ɗauko mutumin can ka ajiye shi a Ketu shekara da shekaru, dole wata rana idonsa ya nemi abin da zai jingina da shi.

Hanya dai kun san ta. Ibadan, Akure, Owo, muka kwana a Lokoja a gindin dutsen Patti. A Okene na gwada hannuna wajen azahar, na ɗauki duwatsu kusan sau goma ta tagar mota. Da na duba sai na ga kamar tarin siminti, fari fat, ba gaba ba baya. Nan na fahimci dattijon nan bai yi karatun hoto ba amma ya fi ni sani. In rana tana tsakar ka, haske yana sauka ne daga sama, inuwa ta ɓuya a ƙarƙashi, dutse ya zama kamar an zana shi a bango. In ta karkata sai ta haske shi ta gefe, kowace tsaga ta sami inuwarta, kuma hasken ya yi ja saboda doguwar tafiyar da yake yi cikin iska da ƙura kafin ya iso.

Washegari muka bi Abuja, Keffi, Akwanga. Biyar ta gota lokacin da muka fara Hawan Kibo, motarmu kuwa ɗauke take da kaya, tana gurnani tana ja kamar tsohuwar saniya. Ni idona na kan rana. Na ce wa direba, "Oga, don Allah minti biyu kawai."

Ko kallona bai yi ba. "In na taka birki a nan, kafaɗarka za ka sa mana?"

Gaskiyarsa. Wannan hawan ba wurin wasa ba ne, gawarwakin manyan motoci da ke gefen hanya sun ishe ka shaida. Na yi shiru ina cin raina.

Allah da ikonsa, da muka hau tudu inji ya ɗau zafi, dole ya tsaya ya huce, kuma bai tsaya ko'ina ba sai daidai Riyom. Na diro. Abin da ya fara tarbata sanyi ne, irin wanda na manta akwai shi a duniya. Watan Oktoba ne, damina tana sallama, ciyawa ta fara juyawa. Ga duwatsun can, manya-manya an ɗora wani kan wani kamar yara sun yi wasan jera ƙwarya sun tafi sun bari. Wasu na cewa na saman ya yi kama da taswirar jihar Filato. Ni dai abin da na gani shi ne gefensa na yamma ya yi jawur kamar garwashi, na gabas kuma ya riga ya shiga dare.

Na goge idon kyamara da gefen rigata, don maiƙon hannun ɗan kasuwa ba ya barin hoto ya fito. Na juya wa rana kafaɗa, na taɓa sararin sama a fuskar wayar, na ja hasken ƙasa kaɗan don kada jan ya wanke. Ban jawo hoton kusa ba, da ƙafata na taka, na bi gefen shingen kerana har ƙaya ta kama mini wando. Na tsugunna don gonar acca da ke gabana ta shigo. Kwata ɗin awa bai cika ba komai ya koma toka-toka. Ranar ƙasarmu ba ta jan rai, faɗawa take yi kamar guga a rijiya.

Wayar Kawu mai maɓalli ce, don haka yaron maƙwabcin rumfarmu na tura wa ta WhatsApp, sannan na kira. A Riyom ana ta kiran magariba, a Mile 12 kuwa da sauran kusan minti 20, ina jiyo ihun 'yan dako. Na ji yaron yana cewa, "Baba, ga shi, buɗe da yatsa biyu."

Shiru ya yi tsawo har na zaci layi ya yanke.

"Kawu, ka ga dutsen?"

"Na gan shi," in ji shi. "Accar nan ta nuna, sun makara da yanka. Ka sa rigar sanyi kafin ku shiga Bukuru."

Direba ya danna oda, na ruga.

Yadda na kai hoton nan wanki a Ketu, da rigimar da muka yi da mai shagon, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.