Wasiƙar matar kanar

Alhamis. Da dariya ranar ta fara, wallahi. Tun ban sauke ruwan koko ba Auta ya faɗo gidan, fuska a murtuke, wai abokan ango sun yanke cewa ranar Asabar kowa sai ya hau doki, an riga an biya kuɗin haya har da na masu jan linzami. Kun dai san Auta da dabba. Mutumin da zakaran Goggo ya taɓa kora har soro. Na ce ya kwantar da hankalinsa, wanda ya fi shi tsoron doki ma ya yi shekara 24 yana kanar na sojan doki. Ya ce tatsuniya ce.

Benjamin Grierson nake nufi, mutumin nan da na ishe ku da labarinsa tunda na tsunduma karatun yaƙe-yaƙen yammacin Amurka. An haife shi a 1826. Yana ɗan shekara 8 wani ƙaramin doki ya harbe shi a fuska, da ƙyar ya sha, tabon kuma bai taɓa barinsa ba. Ya girma ya zama malamin kiɗa a garin Jacksonville na jihar Illinois, ya gwada kanti ya karye, bashi ya yi masa katutu. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 tsakanin Arewa da Kudu ya shiga sojan Arewa, ransa na son sojan ƙasa, manya suka tura shi wajen dawaki. A watan Afrilu na 1863 ya kwashi mahaya wajen 1,700 daga Tennessee, ya keta jihar Misisipi tun daga samanta har ya ɓulla Baton Rouge, tafiyar mil kusan 600 cikin kwana 16, yana tumɓuke layin dogo yana tsinke wayar tangaraho, don hankalin 'yan Kudu ya rabu, Janar Grant ya samu ya haye kogi ya tunkari garin Vicksburg. Auta ya saurara har ƙarshe, ya ce shi ba yaƙi zai ci ba, shinkafar biki zai ci. Ya kwashe mini ƙosai ya fice.

Wurin aiki ba labari. Zafi. Mai adaidaita ya ƙara kuɗi, na yi masa ƙorafi, ya yi mini ƙorafin mai, muka rabu kowa da gaskiyarsa.

Bayan la'asar na biya wajen Inna, na tarar tana tsigar zogale a tsakar gida. Na ja kujera na sa hannu. Don in ɗebe mata kewa na ɗauko mata labarin, amma ita ta wajen matar na ɓullo mata, tunda na san abin da ya shafi zaman bariki ba ya wuce ta. Na ce sunan matar Alice, an ɗaura musu aure a 1854. Bayan yaƙi, a 1866, aka ba mijin sabuwar runduna, ta goma ta sojan doki, wadda sojojinta duka baƙaƙen fata ne, da yawansu bayi ne jiya-jiya, hafsoshin kuma Turawa. Hafsoshi da dama sun ƙi irin wannan aiki don suna ganin ƙasƙanci ne, shi ya karɓa. Daga nan matar ta shiga yawo a bayansa daga wannan sansanin soja zuwa wancan: Leavenworth a Kansas, sai Fort Gibson, sai Fort Sill da sojojinsa suka gina da dutse tun daga 1869, sai Fort Concho da Fort Davis can cikin ƙungurmin dajin Teksas, a keken doki, da yara da akwatuna.

Inna ba ta ɗago ba ta ce, "Tangaran nawa ta fasa?"

Na ce ba a rubuta ba. Ta ce to ba su san abin rubutawa ba ke nan, ita duk taransifar da aka yi wa babanmu sai da ta yi asarar wani abu daga kayan ɗakinta, har gadon ƙarfen da aka kai ta da shi a kan hanya ya karye a bayan mota. Muka yi dariya. Na ƙara mata da na watan Mayun 1871, ranar da Janar Sherman ya titsiye shugabannin ƙabilar Kiowa ta 'yan asalin ƙasar, su Satanta, a barandar gidan Grierson a Fort Sill, an ɓoye sojoji da bindigogi a bayan tagogi, saura ƙiris a yi ɓarin jini. Inna ta riƙe haɓa. "A gidan matar aure? Ba su da ofis ne?"

Ai gidan nan bai taɓa zama nata ita kaɗai ba. Matar kwamanda ce, wurin kuma ba masauki, saboda haka duk baƙon da ya sauka a sansanin, hafsa ne, mai wa'azi ne, jami'in gwamnati ne, a gidanta zai ci ya kwana. Ga goyo ga ciki. Haihuwa bakwai ta yi. Na biyu ya rasu yana ƙarami tun kafin yaƙi, ta bakwai kuma, wadda aka haifa a 1871 ɗin nan, 'yan watanni kawai ta yi a duniya. A shekarar nan Alice ta tattara ta tafi gidan iyayenta a Shikago, ta daɗe ba ta koma ba. Daga can ta rubuta wa mijin wasiƙa, ta faɗa masa ƙarara cewa ta gaji, jikinta ya gaji da haihuwa, hidimar baƙi ta cinye ta, kuma ba ta son wani cikin. Ba don ta daina sonsa ba, wasiƙun nasu cike suke da ƙauna. An adana su, har yau ana karantawa.

Nan hannun Inna ya tsaya a cikin tire.

"Ta rubuta masa haka? Da hannunta?"

Na ce ƙwarai.

"Shi kuma ya karanta bai sake ta ba?"

Na ce bai sake ta ba, lallashi ma ya yi ta yi har ta dawo.

Na zata tausayi za ta ji. Sai ta taɓe baki ta ce, "To ai ita ta huta, 'yar nan. Tana da takarda da alƙalami, tana da mijin da zai karanta. Mu in babanku ya tafi aiki, wani yaro ne a layinmu yake rubuta mana wasiƙa, a biya shi. Me za ki faɗa wa ɗan mutane ya rubuta? Muna lafiya, yara suna gaisuwa, a aiko da kuɗin hatsi. Shi ke nan."

Na so in yi shiru daga nan, amma bakina ya riga ya buɗe. Na ba ta labarin Edith, 'ya mace ɗaya tilo da ta rage musu. Zazzaɓin taifot ya kama ta a Fort Concho a watan Satumba na 1878, tana da shekara 13, ta rasu a ɗakin bene na gidan kwamanda. A nan aka binne ta. Uwar ta riƙa zuwa kabarin tana gyarawa, har aka yi musu canji zuwa Fort Davis a 1882, dole ta tafi ta bar shi.

Inna ta ce, "Ta yi kuka a gaban mutane?"

Na ce su ai ba abin kunya ba ne a wurinsu.

Ta ɗauki reshe ɗaya ta tsige shi tas, ta ɗauki wani. Can ta ce, "Ni ƙyanda ce. Babanku ba ya nan, matan layi ne suka tsaya da wani liman. Ba a yi wata biyu ba takardar tashi ta zo." Ba ta ambaci suna ba. Ba ta taɓa ambata ba, 'yar fari ce, ko da tana raye ma ba za ta kira sunan ba. Mu duka mun san akwai wadda ta riga Yaya zuwa duniya, mun san can kudu ne, iyakar sanin ke nan. Yau ne karo na farko da na ji ta faɗi ciwon da bakinta. Na ce, "Inna, ba ku taɓa komawa ba?" Ta ce, "A koma a ce wa? Miƙo mini rariyar can." Sai ta shiga faɗan zogalen bana duk tsutsa, mai kawowa ya cuce ta.

Na yi sallar magariba a can na taho.

Tun da na dawo abin yake cina. Haushin Grierson na so in ji, ya ƙi zama daidai. Mutumin ba mugu ba ne a ma'aunin zamaninsa. Tun a Leavenworth ya yi rigima da kwamandan wurin saboda wulaƙancin da ake yi wa sojojinsa baƙaƙe. Ana yi masa kallon mai sanyin hannu a kan 'yan asalin ƙasar, Janar Sheridan bai yi da shi ba, ga shi kuma bai fito daga makarantar hafsoshi ta West Point ba. Haka ya zauna a kanar tun 1866, sai a 1890 aka ba shi birgediya janar, 'yan watanni kafin ya yi ritaya. Duk da haka sansanonin nan da matarsa take kuka da su, a ƙasar wasu aka kafa su, kuma don a raba su da ita. A 1880, da Victorio, wani shugaban ƙabilar Apache, ya ƙi zaman killacen da gwamnati ta tura mutanensa, Grierson bai tsaya bin sawunsa a hamada ba. Dabara ya yi, ya zuba sojoji a kan maɓuɓɓugan ruwa na yammacin Teksas, duk inda za su sha sai su tarar da bindiga. Aka gwabza a Tinaja de las Palmas ranar 30 ga Yuli, aka sake a Rattlesnake Springs cikin Agusta, Victorio ya koma Meksiko, sojojin can suka kashe shi a Tres Castillos a watan Oktoba, suka kama mata da yara da yawa. A littattafan soja yabon wannan dabara ake yi. Ni kuwa yau lissafin uwayen da ke cikin ayarin nan nake yi, waɗanda suka binne 'ya'ya a kan hanya, ba su da ko yaron layi mai rubuta wasiƙa.

Wani abin da ya ƙara tsaya mini: ɗansa Robert yana tare da shi a faɗan 30 ga Yulin nan. Saurayi ne da bai daɗe da gama makaranta ba, ya zo hutu yana neman abin ba da labari, uban ya tafi da shi, har ya yi harbi. Shekara biyu kacal bayan rasuwar Edith. Ina ma in ga fuskar Alice ranar da labarin ya iso mata. Robert ɗin nan daga baya taɓin hankali ya same shi, a asibitin masu wannan lalura ya ƙare. Babban wansa Charles, wanda ya gama West Point a 1879 ya yi aiki a rundunar uban, shi ma can ya ƙare. Alice ta rasu a 1888. Mijin ya sake aure a 1897, ya rayu har 1911, yana da shekara 85.

Maigidan ya shigo ya tarar da ni zaune da waya a hannu, tuwo ya huce. Ya ce ko lafiya. Na ce labarin wani Bature ne da ya mutu shekara ɗari da wani abu. Ya dube ni, ya ɗauki kwanonsa ya je ya ɗumama da kansa, Allah ya saka masa.

Wajen goma na kira Yaya. Na tambaye shi ko ya san garin da aka binne ta. Ya yi shiru, ya ce me ya tayar da wannan magana cikin dare. Ya ce gari biyu yake zato, bai tabbatar da ko ɗaya ba, sai dai a tambayi Kawu tunda tare suka yi aiki da Baba a lokacin. Sunan ma ya ce yana jin sunan kakarmu aka sa mata, amma kada in kuskura in tambayi Inna. Na kira Kawu, waya a kashe. Goggo ta ce ya tafi ƙauye ganin gona, can kuma sai an hau tudu ake samun sabis, sai dai ranar kasuwa in ya shigo gari. Litinin ke nan.