Ke, ajiye kanwar nan

Ɗiyar ƙanwata ce ta sayo koren wake a kasuwar Wadata, ɗanye shar, irin na lambunan bakin kogi da ke cika Yamai lokacin sanyi. Ta zuba a tukunya, ta cika ruwa, hannu ɗaya riƙe da waya, ɗayan ya nufi kwalbar jiƙaƙƙiyar kanwa. Na ce, "Ke, ajiye!" Ta ce, "Inna, ba haka kike yi ba?"

Haka nake yi kuwa, shekara da shekaru. Kanwa, wuta mai ƙarfi, sai waken ya yi lugub yana santsi. Launin na nan kore, shi ya ruɗe ni. In tsiyaye ruwan in zubar, in soya cikin ludayin mai, in murmushe magi biyu, in ƙara gishiri.

Amma a yi mini adalci. Ba abincin gidanmu ba ne. A Tahoua da zogale da rama da busasshen wake muka tashi, duk masu son doguwar dahuwa ne, wa zai ce mini wannan daban yake? Uwar mijina in ta ji abu yana ƙaras-ƙaras a baki sai ta ture kwano ta ce ɗanye ne, amarya kuwa ba ta musu. Mai ya kwanta a saman abinci, a lokacinmu shi ne mutuncin matar gida. Gawayi ma ba kyauta ba ne, kanwa na rage cinsa.

Duk da haka ɓarna na yi. Kanwa na kashe bitamin C da B1, abin da ya tsira kuma ya bi ruwan da na zubar. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali guda. Hawan jinin maigida gadon danginsu ne, ban yarda ni na jawo ba. Sai dai ranar da likita ya ce a rage gishiri, ni kowa ya kalla.

To, ku 'yan mata, abin ba yawa. Ki cire kai da gindi, ki wanke sosai. Ruwa ya tafasa tukuna, sannan ki zuba, minti 5 ko 6, ki tsame ki sa a ruwan sanyi mai tsabta. Cokali ɗaya na man gyaɗa, albasar Galmi, tafarnuwa, ɗan tonka, ki juya waken a ciki minti 2. Kuma ki tsaya a kansa! Ku da ake ɗora tukunya a shige TikTok sai ƙauri ya kira ku.

Magi kada ki sa. To, in gidan ba za su ci ba, sa rabi, ki bar gishirin. Wanda aka ci ya fi wanda aka ture. In akwai tsohuwa marar haƙora, ɗebi nata ki ƙara masa wuta, ba kanwa ba.

A kasuwa kuma ki karya guda kafin ki biya. In ya lanƙwashe bai ce ƙas ba, ya kwana biyu, bar wa mai shi kayansa ko da ya rage miki kuɗi.