Godiya ga waɗanda suka kasa, suka tsare, suka raka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa Kanawa na gida da na waje.

Godiya ta tabbata ga Allah, mai ba da mulki ga wanda ya so a lokacin da ya so. Ranar Juma'ar nan da ta wuce, 12 ga Janairun 2024, alƙalai biyar na Kotun Ƙoli a ƙarƙashin Mai Shari'a Inyang Okoro suka tabbatar wa Injiniya Abba Kabir Yusuf kujerarsa ta gwamnan Jihar Kano. Tun daga ranar ake ta kirana ana yi mini barka. Na gode, Allah ya bar zumunci. To amma ni ɗan aike ne a kwamitin yaƙin neman zaɓe na mazaɓarmu, kuma na san waɗanda suka cancanci barkar nan. Hotonsu ba ya jikin fasta, ba a kuma taɓa ambaton sunansu a rediyo ba. Don su na zauna yin wannan rubutu.

Zan fara da ejan-ejan ɗinmu na akwati, domin su ne suka ɗauki nauyin da ya fi kowanne. Wanda bai yi aikin ba yana zaton tsayuwa ce kawai da kati rataye a wuya. Ejan shi ne zai riga malaman zaɓe zuwa, ya ga an nuna akwati babu komai a ciki, ya sa ido a kan na'urar tantance masu zaɓe, ya wuni a rana. Idan an gama, da shi za a ware ƙuri'u a ƙirga ɗaya bayan ɗaya da babbar murya, ya sa hannu a takardar sakamako, ya karɓi tasa, sannan ya bi akwatin zuwa wurin tattarawa na mazaɓa. A wata rumfa da ke bayan makarantar firamare a unguwarmu, ƙirga ta kai bayan magariba, wuri ya yi duhu. Samari suka kewaye tebur suka kunna fitilun wayoyinsu. Ejan ɗinmu, wani tela mai 'ya'ya huɗu, ya ninke takardar sakamakon ya sa cikin leda, ya cusa a aljihun 'yar cikinsa, bai yarda ya miƙa wa kowa ba, har ni da na kai shi aikin, sai da ya ga shugaban jam'iyya na mazaɓa ido da ido. Abin da aka ba shi na abinci a ranar bai kai kuɗin ɗinkin riga ɗaya ba. Malam, kai da ire-irenka a ƙananan hukumomi 44, Allah ya biya ku.

Ba haka kawai muka koyi wannan tsaro ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2019, lokacin Abba yana takara a PDP, yana kan gaba da ƙuri'a 26,655 aka ce zaɓe bai kammala ba. Kalmar inkwankulusib ta shiga bakin har yara ƙanana. Aka koma zaɓen cike gurbi ranar 23 ga Maris, kuma rikicin da ya faru a mazaɓar Gama duniya ta gani a hotuna. Aka bayyana Ganduje, aka je kotu, aka dawo hannu biyu. Shekara huɗu muka yi muna haɗiye wannan. Shi ya sa da aka ɗage zaɓen gwamna na 2023 daga 11 zuwa 18 ga Maris, mutanenmu ba su ɗauki satin nan hutu ba, sai suka koma gida-gida suna tambayar kowa ko katinsa yana hannu, kuma ko ya san rumfarsa.

Iyayenmu mata, ban san da wane baki zan gode muku ba. Zaɓen nan ya zo a tsakiyar wahalar canjin kuɗi, lokacin da mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da naira ɗari biyar ta cefane. A irin wannan hali aka riƙa bin ku da taliya da sabulu da atamfa har ƙofar ɗaki. Wasu sun karɓa, ban ga laifinsu ba, yunwa ba ta da daɗi. Amma da kuka shiga layi, kwandon kayan marmari, alamar jam'iyyarmu ta NNPP a lokacin, kuka nema kuka dangwala. Akwai wata Hajiya a layinmu, ciwon ƙafa ya hana ta tsayuwa, jikokinta suka ɗauko mata kujera 'yar tsugunno. Aka ce ta zo gaba a sallame ta, ta jefa ƙuri'arta, sai ta ƙi tafiya. Ta ce wancan karon ma ta jefa, tafiyar da ta yi ce ta cuce ta. A wurin ta yi azahar da la'asar. Layin mata ya fi na maza tsawo a yawancin rumfunan da na zagaya, kuma duk wanda zai ba da tarihin wannan nasara bai ambace ku ba, to ya yi ƙwauron gaskiya.

'Yan adaidaita sahu da suka yi jigilar jama'a zuwa gangami da man kansu, masu shayi da suka bar mana bencinansu muka yi taro har tsakar dare, masu ɗinkin jar hula, ɗalibai da suka dawo daga makarantu don su jefa ƙuri'a, 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari da Singa da suka riƙa haɗa abin da ya sawwaƙa ba tare da an sani ba, da sojojin baka da suka kare tafiyar nan a gidajen rediyo: mun gode, mun gode.

Ranar Litinin 20 ga Maris aka bayyana sakamako: Abba na NNPP 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC 890,705. Rata 128,897. Muka shiga azumi da farin ciki, aka yi rantsuwa ranar 29 ga Mayu, muka ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba.

Ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yanke hukunci ta Zoom, alƙalan ba sa cikin ɗakin shari'ar. Ta zare ƙuri'a 165,663 daga na Abba, bisa hujjar cewa babu hatimi da sa hannu a jikinsu, suka koma 853,939. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: buga hatimi aikin ma'aikacin zaɓe ne, ba na mai jefa ƙuri'a ba. Tsohuwar da ta wuni a kan kujera 'yar tsugunno, ina ta san wani hatimi? An miƙa mata takarda, ta dangwala, ta jefa. Sai kuma ranar 17 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce Abba ba ɗan jam'iyyar da ta tsayar da shi ba ne. Bayan 'yan kwanaki takardar hukuncin ta fito ɗauke da wani sashe da ya saɓa wa abin da aka karanta, kotu ta ce kuskuren rubutu ne. Garin nan ya yi zafi a watannin nan, kowa ya sani.

A nan ne godiyata ta fi girma, kuma ga matasa take. Akwai masu jiran ku ɗauki dutse don a sami abin faɗa a kan Kano. Dattawa suka ce a koma ga Allah, kuka koma. Aka yi alƙunutu, aka yi sauka, aka yi sadaka. Wasu daga cikinku na san yadda zuciyarsu ke tafasa, na zauna da su a bakin layi muna lallashin juna. Malaman unguwa da suka tsaya a kanku, Allah ya saka musu da alheri. Lauyoyin da suka tsaya a gaban Kotun Ƙoli su ma sun yi aikinsu: kotu ta mayar da ƙuri'un nan duka, ta kuma ce batun wane ne ɗan jam'iyya harka ce ta cikin gidan jam'iyyar, ba hurumin abokin hamayya ba. Jagora Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda ya raini wannan tafiya tun tana 'yar ƙarama, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ba zan manta da maƙwabtanmu 'yan APC ba. Mun yi musu, mun ɗaga wa juna murya, amma sahu ɗaya muke bi a masallaci, kuma da aka yi rasuwa a gidanmu ana tsakiyar shari'ar nan, su suka fara zuwa da tabarmi. Ina roƙon 'yan uwana masu jar hula, a yi murna amma a bar gori da habaici a ƙofar gidan mutane.

Mai girma gwamna, ina da magana ɗaya, kuma ta masoyi ce. Yanzu babu sauran kotu, babu sauran uzuri. An ga auren gata da aka yi, an ga ɗaliban da aka tura karatu ƙasashen waje, an yaba. Amma mutanen da na lissafa a sama ba kwangila suke jira ba. Ruwan famfo suke so ya zo unguwa, su daina sayen jarka a hannun 'yan garuwa. Suna so yaro ya zauna a kan benci a aji, ba a ƙasa ba, mai naƙuda ta tarar da ma'aikaciya da magani a asibitin mazaɓa, a kuma yi maganin masu ƙwacen waya da suka hana mutane fita bayan isha'i. Akwai kuma ƙananan 'yan kasuwa da rusau ya shafa, cikinsu har da waɗanda suka zaɓe mu. A dube su da idon rahama.

Cikin waɗanda muka fara wannan tafiya tare, akwai waɗanda Allah ya karɓi abinsa kafin ranar Juma'ar nan. Allah ya jiƙansu, ya kai haske kabarinsu. Kwamitinmu na mazaɓa ya yanke shawarar kai wa iyalansu ziyara a ƙarshen makon nan, sannan mu duba marasa lafiya. Duk mai son tafiya, ko mai abin da zai bayar komai ƙanƙantarsa, ya same mu a ofishin mazaɓa bayan sallar la'asar.

Wassalamu alaikum.