Ƙaramin jirgin ruwa na ado: a ƙera ko a sayi na kanti?

Mai ciniki yakan ɗaga ƙaramin kwale-kwale a shagonmu, ya jijjiga shi a tafin hannu, ya ce: "Haba Malam, ɗan wannan katakon? Ga na roba can Kasuwar Dole da araha." Sai mu ce albarka. Katakon kam ba yawa, wannan gaskiya ne. Kwale-kwale mai mita 10 in aka rage shi sau 20, santimita 50 yake komawa, guntayen da kafinta ke sharewa ma sun kusa isa. Lokaci ne ke cin kuɗin.

Da zane ake farawa a takarda. Daga nan a yanka ƙashin baya da haƙarƙari 8 zuwa 10 a filawud mai kaurin milimita 4, a kafa su kife a kan allo madaidaici. Sai tufafin jirgin, wato siraran falankai masu kaurin milimita 2 da faɗin milimita 5, kuma a nan ake gane gwani. Kowane ɗaya sai an jiƙa shi a ruwan zafi kamar minti 30, a lanƙwasa shi a kan haƙarƙari, a ɗaure da yankakken tub na keke, ya kwana ya bushe, kafin a sa masa gam. Wanda ya manna shi da danshi, gobe zai tarar da ɓula tsakanin layi da layi, don katako yana tsukewa in ya bushe. Kuma ɗaya dama, ɗaya hagu ake jerawa. In ka gama gefe guda kafin ka taɓa ɗayan, jirgin zai murɗe, kuma murɗaɗɗen jirgi ba ya gyaruwa. Farin gam na katako yana son awa 24 kafin ya kama sosai. A hunturu samansa yakan bushe nan da nan ya ruɗe ka, alhali cikinsa ɗanye ne. Shi ya sa layi biyu ko huɗu kawai ake yi a wuni, ka ga an tafi makonni.

Babban ciwon kanmu masu sayar da katako. Farin katakon da ake kawowa daga kudu sau da yawa da ruwansa yake isowa, mai shi kuwa har rantsuwa zai yi maka cewa busasshe ne. Iskar Damagaram ba ta rufa wa kowa asiri. Sai an jingine shi a inuwa, an sa ƴan sanduna tsakani, ya sha iska tukuna. Madaci muke sa wa a baki da wurin zama, saboda jan launinsa da ƙarfinsa.

Goga da samfefa lamba 80, sai 120, sai 220. Banish shafi uku marasa kauri, a yayyafa ruwa a ƙasa a kife kwali a kai, in ba haka ba ƙura ta zauna a ciki har abada. Wanda zai shiga ruwa da gaske kuwa farin gam ba nasa ba ne, sai gam mai haɗi biyu irin Araldite, da ɗan nauyin dalma a can ƙasan ciki don kada ya kife.

To, na kanti fa? In yaro za a saya wa ya yi wasa a baho, a sayi na roba, babu wani dogon lissafi. Sai dai kada a bar shi a mota ko bakin taga a watan Afrilu, zai koɗe ya lotse. Akwai kuma wanda ake odarsa daga Turai ko Sin a kwali, an yayyanka komai, kai ne za ka haɗa. Yankan kawai ya rage maka, jera falankai da guga suna nan, ga kuɗin mota da na duwan. Sannan yawancinsu jiragen Turawa ne. Ba za ka samu dogon kwale-kwalen Kogin Isa a kwali ba, balle kadai, jirgin ciyawa na Buduma a Tafkin Chadi, alhali magina daga can ne suka ɗaure jirgin ciyawa mai suna Ra na Thor Heyerdahl, wani mai bincike ɗan ƙasar Norway, a 1969. Irin waɗannan sai hannu.

Mai son ƙerawa da kansa ya fara da mai shimfiɗaɗɗen gindi, falanki uku da baki, kafin ya taɓa mai haƙarƙari. Zarto ƙarami, reza da magagari sun ishe shi.

Yanzu an samu masu kwaikwayo. Su fafe kututture guda, su ja layi da ƙusa mai zafi kamar falankai ne, su lafta fenti, su karya farashi. Da an shiga bazara sai ya tsage daga hanci. Kafin Alhaji ya biya, ya leƙa ciki ya ga ko akwai haƙarƙari, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kuma dube shi ta hanci da ido ɗaya ya ga ko gefen biyu sun daidaita.