Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Abin da salatif ya ɗauko daga fatar 'yata

Makon jiya na tsaya a inda likitar fata ta nemi izinina a saka 'yata cikin wani bincike kan egzima, ciwon fata mai ƙaiƙayi da ke damun ta. Sai da ta tabbatar mini ba allura ba yanka sannan na sa hannu.

Salatif ne kawai, irin na gwaji. A manna shi a lanƙwasar hannunta inda ƙaiƙayin ya fi cin ta, a danna, a ɓare, a sake manna wani a wurin. Kowanne yana tahowa da matattun ƙwayoyin saman fata, a kai ɗakin gwaji a auna furotin ɗin da ke ciki. Ko kuka ba ta yi ba.

Ranar na fara jin sunan filagirin. Furotin ne da ke ƙarfafa saman fata, idan ya narke kuma ya koma sinadaran da ke riƙe mata danshi. A 2006 ayarin Irwin McLean na Jami'ar Dundee a Sikotilan suka nuna cewa tawaya a ƙwayar gadonsa babbar hanya ce ta kamuwa da ciwon. Irin wannan tawayar ta fi yawa a Turawa, amma likitar ta ce ko ba ita, sinadaran IL-4 da IL-13 da garkuwar jiki ke fitarwa suna rage filagirin, fata ta bushe ta tsage. Akwai kuma wani furotin mai suna TARC, wanda ke hauhawa idan ciwon ya tashi. A Japan tun 2008 ake auna shi a jini.

Ga abin da ya taɓa min zuciya. Shekaru ana ce mini, "Malama, ai bai yi tsanani ba," alhali yarinya ba ta barci, zanen gado duk jini. Ma'aunin da likitoci ke bi yana duba jan fata, a baƙar fata kuwa kumburin duhu yake yi ko toka-toka, ido ya wuce shi. Furotin ba ruwansa da launi. Da ana auna shi tun farko, da ba a riƙa mayar da mu gida da man shafawa kaɗai ba.

Likitar dai ta ja kunnena cewa gwajin salatif har yanzu a matakin bincike yake, ba da shi za a zaɓa mata magani ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku yadda maganar dupilumab ta taso, allurar da Amurka ta amince da ita a 2017, da dalilin da ya sa mahaifin 'yata ya ƙi da farko.