Ku bi mutumin, jigon zai zo da ƙafarsa

Tambayar da ta fi kowace cutar da mai karatu a makarantunmu ita ce wadda mushe, wato malamin aji, ke rubutawa a allo tun ranar farko: mene ne jigon wannan littafi? Ita kanta tambayar ba ta da aibi. Aibin yana wajen gaggawar da muke yi mu amsa ta. Kalma uku ko huɗu, "karon al'ada da boko", "zaluncin Nasara", "neman ƴanci", sai a rufe littafi a ce an gama da shi. Haka na yi ina lise a nan Tawa, da haka na ci jarrabawar bak, kuma abin da ya fi ci mini rai, da haka na koyar da ƴaƴan mutane shekara da shekaru. To ƙannena, ku da ke tarminal da ku da kuka riga kuka sauka Yamai kuna jami'a, ga wuraren da na yi tuntuɓe, ku ɗaga ƙafa.

Littafin Cheikh Hamidou Kane, L'Aventure ambiguë, wanda ya fito a 1961, shi ne na fi zalunta. A zamaninmu wani kaye ne, wato littafin rubutu, ke yawo hannu zuwa hannu, an kwafe taƙaitaccen bayani a ciki, an raba mutanen littafin ɗaki-ɗaki. Thierno shi ne al'ada. Grande Royale ita ce ci gaba. Mahaukaci shi ne tsaurin ra'ayi. Samba Diallo kuwa Afirka ce da ta rasa madafa. Na haddace, na zuba a takarda, aka ba ni maki mai kyau. Sai da na yi aure na haihu kafin na zauna na karanta littafin daga bango zuwa bango, na tarar babu ko ɗayansu da ya yarda ya zauna a ɗakin da muka kulle shi.

Thierno, malamin allo, yana matse kunnen yaro Samba Diallo da farce har jini ya fito don harshensa ya zame a aya, alhali duk cikin almajiransa babu wanda yake ƙauna kamar wannan yaron. Daga ƙaunar azabar ke fitowa, shi ya sa take da ban tsoro. Grande Royale, yayar sarkin ƙasar, ba son boko take ba. Ta tara jama'a ta faɗa musu ƙarara cewa lakkwal za ta kashe a zukatan yara abin da iyaye ke tattali, amma duk da haka a kai su, domin waɗanda suka ci ƙasar da yaƙi sun ci ne ba tare da suna da gaskiya ba, kuma dole wani ya je ya koyo yadda ake yin haka. Mace ce da ta ɗora asara biyu a ma'auni ta zaɓi wadda take zaton ƴan baya za su iya ɗauka. Shi kuwa mahaukacin ya riga Samba zuwa ƙasar Nasara, ya ga abin da ya gani, ya dawo ba yadda ya tafi ba. Duk wanda ya tashi a Adar ya san gidan da wani ya tafi biɗa Abijan ko Libiya ya dawo da shiru ko da surutai. Na san irin waɗannan gidaje tun ina ƙarami, amma ban taɓa haɗa su da mutumin littafin ba, saboda kaye ya riga ya sa masa suna. Don haka kafin ku tambayi abin da tauraron labari yake wakilta, ku tambayi abin da yake so, da abin da ya yarda ya rasa don ya same shi. Mutumin da ba ku iya amsa wannan a kansa ba, ba ku karanta shi ba tukuna.

Abin mamaki, ba littafi ne ya gyara mini karatu ba. Kiɗa ne, kuma kiɗan da na daɗe ina yi wa dariya. Ina ɗalibi a Yamai akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ke sa kaset na kiɗan okestira da yamma. Wata rana na ce masa: "Baba, kiɗa ba waƙa, ba rawa, ba kirari, wa ake yi wa?" Ya ce: "Yaro, zauna ka ji." Ban zauna ba, kuma Allah ya yi masa rasuwa ban zauna ba. Da na zauna, da na ji abin da kunnena ya riga ya sani. Garinmu Tawa ne ya karɓi kokawar ƙasa ta farko a 1975, kuma duk wanda ya taɓa shiga filin kokawa ya san take: makaɗi ya buga, tun ɗan kokawa bai miƙe ba jama'a sun san wa ake kira. Masu tsara kiɗan okestira da yawa haka suke yi. Sukan ba mutum takensa, sai dai su ba sa barin taken yadda yake. Sukan dawo da shi a gurguje ko a hankali, da fushi ko da sanyi, a bakin wani abin busa daban, kuma a wannan sauyin labarin yake.

Ku nemi Shaharzad na Rimsky-Korsakov, mutumin Rasha, wanda ya tsara a 1888 a kan Dare Dubu da Ɗaya da kuka sani. Da farawa za ku ji wata murya mai kauri, ƙahonni da manyan goge sun haɗu a kan amo ɗaya, kamar mai yanke hukunci: sarkin ke nan da ya rantse zai kashe kowace amarya da safe. Sai a yi tsit, goge guda ɗaya siriri ya taso shi kaɗai yana lanƙwasa: amaryar ce, Shaharzad, ta fara ba da labari. Kashi huɗu ne, wajen minti 45, kuma gogen nan yana ta dawowa. A ƙarshe taken sarki ya sake fitowa, amma ya yi laushi, yana tafiya a ƙasa-ƙasa, gogen na samansa. Babu kalma ko ɗaya, kuma ba wanda zai gaya muku wa ya ci nasara, kun ji da kunnenku. Wata ƴar shawara a nan: kada ku saurara ta lasifikar waya a tsakiyar fada ana zuba shayi ana gardamar ƙwallo. Ƙananan muryoyin za su ɓace, ku ce ba komai ciki, kamar yadda na ce. Ku sa abin kunne, ku ba shi lokacinsa.

Berlioz na Faransa ya fi shi mugunta. A Symphonie fantastique, 1830, ya ba macen da saurayin labarin yake so take mai daɗi. Taken ya biyo saurayin wurin rawa, ya biyo shi karkara. A kashi na huɗu, inda saurayin ke mafarkin ana kai shi a sare masa kai, taken ya leƙo na ɗan lokaci, sara ya katse shi. A kashi na biyar ya dawo a taron mayu, da wata busa mai tsini, yana tsalle-tsalle kamar ana yi masa ba'a. Macen ba ta canza ba, ba ta ma san ana yi ba. Zuciyar mai son ce ta ruɓe. In aka ce ku faɗi jigon wannan kiɗa kuka ce "soyayya", ba ku yi ƙarya ba, amma ba ku faɗi komai ba.

Tun daga nan na sauya yadda nake riƙe ƙagaggen labari. Nakan sa fensir a duk inda wani abu ya sake dawowa, wuri ne, ko magana, ko mutum, in duba me ya sauya tsakanin zuwan farko da na biyu. Jigo a can yake kwance. Amma kada ku mayar da wannan ma wani sabon kaye. Shi kansa Rimsky-Korsakov daga baya ya cire sunayen da ya sa wa kashi huɗun nan, kuma a littafin tarihin rayuwarsa ya gargaɗi masu saurare kada su ɗaure kowane take a wuyan mutum ɗaya, tunda taken da muke kira na sarki yana fitowa a wuraren da sarki ba ya nan.

Sarraounia na Abdoulaye Mamani, 1980, a kansa kuskurena na wani iri ne: na ɗauke shi littafin tarihi. Tarihin yana nan, ba shakka. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan a 1899, ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni da ba a manta ba, ta yi karo da mutanen Lugu da Sarauniyarsu. Amma Sarauniyar da ke magana a shafukan nan, da kalamanta da tunaninta, Mamani ne ya gina ta, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira ya sha kurkuku, yana neman wadda za ta ce a'a a madadinsa. Wannan bai rage wa littafin daraja ba. Ni dai na tsaya gaban aji na karanta maganganunta kamar wani ya naɗe su a rakoda.

Wannan ya kawo ni ga littattafan da mutum ke ba da tarihin kansa. Nan ne aka fi saurin kama mu, don in mutum ya ce "ni", sai mu ajiye tsaro. Camara Laye na Gini ya rubuta L'Enfant noir, 1953, yana Faransa, kewar gida na cin sa. Maƙerar babansa a Kurusa, baƙin macijin da ke ziyartarsa, hawayen uwa ranar tafiya, duk na so su, har yanzu ina son su. Ban lura da abin da babu ba sai da na ji cewa Mongo Beti na Kamaru ya caccaki littafin. An haifi Laye a 1928, aikin tilas bai ƙare a ƙasashen da Faransa ta mallaka ba sai 1946, amma ka karanta yarintarsa kaf da ƙyar ka ga inuwar kumandan. Da na ji haka sai na yi tsalle zuwa ɗaya gefen, na riƙa ce wa ɗalibai littafin yaudara ne, wanda shi ma wauta ce. Yaron da ke cikin littafin tauraro ne da babba ya ƙera, ya zaɓar masa abin da zai tuna. Ku karanta abin da ya zaɓa, ku tambayi dalilin abin da ya bari, kada ku yi masa shari'a kafin ku ji shi.

Falsafa kuwa mun mayar da ita rumbun jimloli. Kowa na da jerin maganganun manya da zai yayyafa a disertasiyo, ni ma nawa ya fi na kowa tsawo. "Ina tunani, saboda haka ina nan", an sa sunan Dekart na Faransa, an wuce. Ban san cewa littafin da jimlar ta fito, na 1637, labari ne mai tauraro ba: wani mutum da ya gama makaranta mai suna ya ga bai tabbata da komai ba, ya shiga soja, sanyin hunturu ya tsare shi a wani ɗaki mai murhu a Jamus, ya yanke shawarar rushe duk abin da ya sani ya sake gini. In ka cire mutumin da ɗakin, jimlar ta zama ƙashi ba nama.

Kuma da na waiwaya gida da wuri, da na ga wanda ya riga shi da fiye da shekara 500, a littafin da malamanmu na zaure suka sani. Imamu Gazali, a Al-Munƙiz minad Dalal, ya ba da labarin yadda shakka ta kama shi har ya daina yarda da idonsa: ido na ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take, yana ganin tauraron sama kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Yana koyarwa a Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗari uku a gabansa, ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna da matsayi ne. Wata shida yana sa ƙafa yana janyewa, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, likitoci suka ce ciwon a zuciya yake. A 1095 ya fita, ya nuna wa mutane Makka za shi alhali Sham ya nufa, don kada halifa da abokai su tsare shi. Shi da kansa ya rubuta wannan dabarar, bai ɓoye ba. Wane marubucin ƙagaggen labari ne zai ƙi irin wannan tauraro?

Ku bi shi har ƙarshen littafin, don taken yana dawowa. Bayan shekara goma sha ɗaya ya koma kan kujerar koyarwa, wannan karon a Naisabur, a 1106. Ya san za a ce ya koma gidan jiya, sai ya riga kowa: ya ce wannan ba komawa ba ce, da yana koyar da ilimin da ake samun matsayi da shi, yanzu yana koyar da wanda ake barin matsayi da shi. Ni na yarda da shi, amma ina so ku riƙe a ranku cewa da matsin masu mulki ya koma, kuma littafin a lokacin ya rubuta shi, yana da masu suka da yake ba amsa. Bai daɗe a Naisabur ba ya sake ajiye aikin ya koma garinsu Ɗus, inda ya rasu a 1111.