Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tafiyata Lakwaja, Mahaɗar Kwara da Binuwai

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da aka ɗora mini koyar da darasin tarihi a wata makarantar sakandare a cikin birnin Zariya. A wannan aikin ne Lakwaja ta shiga raina, domin kowace shekara sai na tsaya a gaban allo na gaya wa yara cewa Turawa sun tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi a 1920 sun kai shi can, alhali ni kaina ban taɓa taka ƙasar garin ba. Da aka yi hutun ƙarshen shekara, ba da daɗewa ba bayan an ƙirƙiro Jihar Kogi a 1991 an mai da Lakwaja babban birninta, sai na nemi iznin mahaifiyata, na ɗaure 'yan kayana, na kama hanya.

Daga Zariya zuwa Kaduna, daga nan zuwa Zuba da Gwagwalada da Abaji, babu abin da ya tsaya mini a rai sai sauyin iska. Na baro gida cikin hunturu, da rigar sanyi a ƙarƙashin babbar riga, amma kafin mu kai Kwatankarfe gumi ya jiƙa ni sharkaf. Da muka hau gadar Murtala Muhammad da ke Jamata, sai motar ta yi tsit, kowa ya juya yana kallon ruwa. Mutumin da ya tashi a Zazzau, wanda babban ruwan da ya sani shi ne Galma da Kubanni, dole ne ya yi tasbihi idan ya ga Kwara a karon farko.

Na sauka a unguwar Kabawa, a gidan wani dattijo mai fataucin busasshen kifi, wanda wani maƙwabcinmu ya haɗa ni da shi da wasiƙa. Hausarsa garau take, ko da yake a nan aka haife shi, kuma Nufanci ya zauna a bakinsa kamar yadda Hausa ta zauna. Da ya karanta wasiƙar sai ya dube ni ya ce, "Malam, ashe daga Zazzau kake? To ai ba baƙunci ka zo ba, gida ka zo, tunda sarakunanku suna kwance a nan tare da mu." Na ce, "Baba, su ne ma suka kawo ni." Wannan magana tasa ta fi mini duk wata tarba da aka yi mini a garin.

Washegari bayan sallar asuba ya haɗa ni da wani Banufe mai kwalekwale. Ruwa ya ja baya a lokacin, tsibiran yashi sun fito fili, mata suna wanki a gaɓa, wasu kuma suna juya kifi a kan banda, hayaƙi yana bin saman ruwa. Mai jirgin ya tsaya a baya da doguwar gorarsa yana dogara ta a ƙasa, sai da muka shiga zurfi sannan ya zauna ya ɗauki filafili. Can sai ya nuna mini da haɓa, na ga wurin da ruwan biyu suka gamu, kowanne da launinsa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraye. Kwara ta taso tun daga tsaunukan ƙasar Gini, ta ratsa Mali da Nijar, tafiyar da ta haura kilomita 4,000 kafin ta faɗa teku, ita kuwa Binuwai daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru ta gangaro, ta bi ta Yola da Makurɗi. A nan na gane abin da ya sa Turawa suka riƙe garin gam, domin a zamanin da babu titi babu layin dogo, wanda ya mallaki wannan mahaɗa ya mallaki ƙofar shiga Arewa.

Tun wajen 1860 wani likita ɗan Birtaniya mai suna William Baikie ya kafa zangon ciniki a wurin, kuma a 1865 Bishof Samuel Ajayi Crowther ya buɗe makarantar da ake ɗauka ita ce firamare ta farko a Arewacin Nijeriya. A nan ne kuma, ranar 1 ga Janairun 1900, aka sauke tutar Royal Niger, kamfanin cinikin Turawa da ke riƙe da yankin, aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya karɓi ragamar mulkin Arewa, kafin daga baya a mayar da hedikwata Zungeru, sannan Kaduna. Na hau dutsen Patti da ke bayan gari na hango kogunan biyu a shimfiɗe, na kuma zaga maƙabartar Turawa na karanta sunayen da ke jikin duwatsu, amma ban daɗe ba, domin ba su ne suka taso ni daga Zariya ba.

Bayan la'asar mai masaukina ya sa hularsa ya ce in biyo shi. Muka bi ta lunguna, muna tsallake kwatami, yara suna gaishe shi, har muka isa kabarin Aliyu Ɗan Sidi. Babu wani ado a wurin, kuma da ni kaɗai ne da na wuce ban san na wuce ba. Wannan shi ne sarkin da ya hau gadon Zazzau a 1903, ɗan gidan Mallawa, ɗaya daga gidajen sarautar Zazzau, zuriyar Malam Musa wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, malami kuma marubucin waƙoƙi da har yau ake nazarinsu a jami'a. Ya yi shekara 17 yana mulki, sannan aka raba shi da garinsa aka kawo shi ƙasar zafi da sauro, inda ya cika. Kafin shi ma, Sarki Kwasau na gidan Barebari, wanda a zamaninsa Turawa suka shigo Zazzau, nan aka ƙarasa da shi. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, shi ma a Lakwaja ya rasu a 1926. Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a, kuma ban iya riƙe hawayena ba, saboda na tuna cewa mutumin da aka saba buga wa tambari a ƙofar fada ya ƙare kwanakinsa yana jin ƙarar jiragen ruwan waɗanda suka tuɓe shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da dattijon ya faɗa a hanyarmu ta komawa, cewa motocin mutanenmu ba sa yankewa dare da rana a kan wannan hanya, masu zuwa kudu da masu dawowa, suna tsayawa su ci abinci su sayi kifi, amma da wuya ka ga wanda ya ratse ya yi wa sarakunan nan ko da fatiha. Ban ga laifin direba ko ɗan kasuwa ba, domin ba a gaya musu ba. A ganina nauyin yana wuyanmu ne mu malaman tarihi, da masarautu, da hukumomin da ke kula da kayan tarihi. Shekaru bayan haka, da aka naɗa Ambasada Ahmad Nuhu Bamalli Sarkin Zazzau a 2020, sarauta ta koma gidan Mallawa bayan shekara 100 cif, na ji matasa da yawa a Zariya suna tambayar wane ne Ɗan Sidi kuma ina aka binne shi, na yi farin ciki da tambayar ƙwarai.

Ranar da zan taho, mai masaukina ya cika mini kwali da kifin banda ya ce in kai wa mahaifiyata, ya kuma ƙi karɓar ko kwabo daga hannuna. Da aka koma makaranta na rubuta wa shugabanmu takarda ina neman a ba ni izni in kai ɗaliban aji na ƙarshe Lakwaja su gani da idonsu. Yadda takardar ta kaya, da irin ɗauki-ba-daɗin da aka yi da iyayen yara a kan tsoron ruwa, shi ne zan kawo a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.